Fashin Baƙi Kan Gyaran Matsalolin Wuta a Tsohon Garmaho

A tsofaffin gidajen Jos, daga Gangare zuwa Bukuru, har yanzu mutum yakan shiga falo ya tarar da wani dogon akwatin katako a jingine da bango, an lulluɓe shi da ƙyalle an ɗora masa hotuna ko kwanukan tangaran, alhali a cikinsa akwai rediyo da lasifika da injin juya faifai da suka yi shekara talatin ko arba'in ba su yi motsi ba. Yawan irin waɗannan kaya a wannan gari yana da dalili, domin lantarki ya riga isa Filato kafin garuruwa da yawa na Arewa, tun lokacin da kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra saboda masu haƙar kuza. Asalin abin da ake kira garmaho shi ne wanda ake yi wa wani da hannu, babu ruwansa da lantarki, amma sunan ya bi na'urorin da suka gaje shi, kuma da su nake nufi a nan: masu juya faifai sau 33⅓ ko 45 ko 78 a minti ɗaya, irin waɗanda Garrard da BSR na Ingila, da Dual na Jamus, da Technics na Japan suka ƙera.

Na shiga wannan lamari ne ta dalilin garmahon marigayi baffana, wanda ɗan yayana ya zaro daga ɗakin ajiya, ya kakkaɓe masa ƙura, ya jona shi a soket ba tare da ya tambayi kowa ba. Bai yi minti biyu ba wani farin hayaƙi mai ɗoyi ya fito ta ƙarƙashin farantin. Da na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen kasuwar Taminus ta Jos, bai ɗauki sukudireba ba sai da ya yi mini tambayoyi uku: daga wace ƙasa aka kawo shi, shekara nawa ya yi a ajiye, kuma mene ne ainihin abin da ya yi kafin a zare shi. Na ce masa, "Baba, ni dai hayaƙi na gani." Ya ce, "Ɗana, hayaƙi ma iri-iri ne." Daga wannan zama na fahimci cewa rabin gyaran a tambaya da awo yake, kuma yawancin garmahon da suka mutu murus ba tsufa ne ya kashe su ba, hannun mai gaggawa ne.

Abin da ya kamata mai gyara ya fara riƙewa shi ne cewa hanyoyin wuta biyu ne a cikin garmaho, kuma tsakaninsu akwai tazara mai nisa. Ta farko ita ce babbar wuta da ke shigowa daga bango, bolt 230 a Nijeriya, ta bi ta fiyus da makunni ta isa moton da ke juya faranti. Ta biyu ita ce 'yar ƙaramar wutar da allura ke haifarwa da kanta yayin da take bin zanen faifai, wadda a na'urori da yawa na shekarun 1970 ba ta wuce kashi 3 zuwa 5 cikin dubu na bolt ɗaya ba. Ta farkon tana iya kashe mutum. Ta biyun kuwa ɗan gumin yatsa a kan waya ya isa ya gurɓata ta. Duk matsalar da aka kawo, sai a fara tantance a wace hanya take. Idan faranti ba ya juyawa, ko yana juyawa da saurin da bai dace ba, ko wani abu yana zafi, babbar hanya ce. Idan yana juyawa lafiya amma sauti ya ɓace, ko ya zo ta lasifika ɗaya, ko ya zo da ƙugi, ƙaramar ce.

A babbar hanya, aikin farko karatu ne. A bayan kowace na'ura ko a ƙarƙashinta akwai ɗan allo da ke nuna ƙarfin wutar da take karɓa da kuma yawan bugunta, wato sau nawa take kai da komowa a daƙiƙa ɗaya. Kayan Ingila na da an yi su ne don bolt 240, kuma suna zaman lafiya da wutarmu. Na Amurka bolt 120 ne, na cikin gidan Japan kuwa bolt 100, kuma irinsu sun cika kasuwannin kayan gwanjo. Duk wanda ya jona ɗaya daga cikinsu kai tsaye a soket ɗinmu ya ƙona naɗin moton ko taransifomar cikin ɗan lokaci. Wasu na'urorin suna da wani ɗan makunni na zaɓen ƙarfin wuta, sau da yawa a ɓoye ƙarƙashin faranti, wanda dole a ɗaga farantin a tabbatar yana kan 220 ko 240. Wanda ba shi da wannan sai an haɗa masa taransifoma mai rage wuta, kuma ƙarama ta wadatar, tunda moton garmaho bai cika cin abin da ya haura wat 15 ba.

Sai dai taransifoma tana gyara ƙarfin wuta ne kawai, ba ta taɓa bugunta, kuma nan ne wurin da na ga mutane sun fi shan wahala. Wutar da muke amfani da ita tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, ta Amurka sau 60, ita kuwa Japan rabe take, gabashinta 50 yammacinta 60. Motocin tsofaffin garmaho da yawa an ƙera su ne su bi wannan bugun kamar yadda mai rawa ke bin ganga, saboda haka na'urar da aka yi don bugu 60 idan ta zo nan sai ta rasa kashi ɗaya cikin shida na saurinta. Faifan da ya kamata ya yi juyi 33⅓ zai koma kusan 28, na 45 ya koma 37 da rabi, muryar mawaƙi ta yi nauyi ta ja kamar wanda barci ya kama. Mai na'urar zai canza bel, ya ɗura mai, ya zargi moto, alhali dukkansu lafiyarsu ƙalau. Maganin shi ne a canza ɗan fulin da ke kan sandar moto da wanda aka yi don bugu 50, wanda ya fi wancan kauri da kashi ɗaya cikin biyar, kuma idan ba a samu ba, mai injin gurza ƙarfe da ya iya awo zai iya fitar da shi da tagulla. Naɗa salatif a kan fulin, kamar yadda wasu ke yi, yana kawo saurin kusa da daidai, amma yana sa sauti rawa, kuma ba na ba kowa shawarar yin haka.

Wannan bayani ne kuma ke warware wani ƙorafi da ake yawan ji, cewa garmaho yana waƙa daidai da wutar gari amma yana tangaɗi da janareto. Ƙaramin janareton fetur sai ya riƙe juyi 3,000 a minti kafin ya ba da bugu 50, kuma da zarar firji ya tashi ko an jona dutsen guga sai juyinsa ya faɗi, bugun ya faɗi, farantin ma ya bi su. Sitabilaiza ba ta da abin da za ta yi a nan. Inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, takan sa moto ya yi gunji ya yi zafi, ta kuma cusa zuzu a cikin sauti. Na'urorin da ba su damu da wannan ba su ne waɗanda ke mayar da wutar ta zama irin ta batir kafin su ba moto, da kuma masu juya faranti kai tsaye ba bel ba taya, salon da Technics ya shahara da shi tun daga SL-1200 na 1972, domin su a cikinsu suke auna saurinsu.

Bayan karatun allo sai duba da ido, wuta a zare. A lanƙwasa wayar soket a ga ko robarta ta bushe tana tsagewa, a duba ko ɓera ya ɗanɗana ta, a buɗe ƙasan akwatin a share kashin kyankyaso da gidan zanzaro. A buɗe filogi a ga fiyus ɗin da ke ciki. Na am 3 ne ya dace da garmaho, ba na 13 da ake sa wa hita ba. Idan aka tarar an ɗaure gurbin fiyus da zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari, to a san cewa wani ya riga ya gamu da matsalar ya rufe mata baki. Sannan a ɗauki mita a auna tsakanin ƙafafun filogi biyu, makunni a kunne. Naɗin moto mai lafiya yana nuna ɗaruruwan om, wato ma'aunin yadda waya ke tare wuta, zuwa 'yan dubbai. Idan mita ba ta nuna komai ba, hanya ta yanke a wani wuri, sai a bi ta gaɓa-gaɓa daga waya zuwa fiyus zuwa makunni zuwa naɗi. Idan ta nuna kusan sifiri, wayoyi sun haɗe. A kuma auna tsakanin kowace ƙafa da ƙarfen jikin na'urar, inda bai kamata a ga wata alaƙa ba ko kaɗan.

Kunnawar farko ba kai tsaye ake yin ta ba. Dattijon nan yana da wani katako da ya kafa wa soket da mazaunin ƙwai, ya jera su a kan waya ɗaya yadda duk wutar da za ta shiga na'ura sai ta ratsa ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60. Idan na'urar lafiya take, ƙwan zai ɗan yi ja kaɗan ko ma ya ƙi kamawa. Idan akwai haɗewar waya, sai ya haska sosai ya shanye wutar, babu abin da zai ƙone. Ƙwan zamani mara zare ba ya wannan aiki, kuma tunda mai zaren ya fara wuya a kasuwa, wanda ya samu ya adana. Da a ce ɗan yayana ya san wannan dabara da ba mu ga hayaƙi ba.

Hayaƙin namu, da aka bincika, daga wata 'yar kafasita ya fito, wadda aka ɗaura a kan makunni domin ta haɗiye tartsatsin da ke tashi lokacin kunnawa da kashewa, kada a ji "ɗas" a lasifika. Irin na da an yi su da takarda a cikin roba mai garai-garai, kuma idan shekaru suka ja robar takan tsattsage, danshin damina ya shiga, ranar da aka ba ta wuta sai ta fashe. Tana da ban tsoro amma gyaranta ya fi kowane sauƙi: a cire ta a sa sabuwa mai alamar X2, wadda aka yi musamman don zama a kan wutar bango. Wani lokaci ba ta fashewa, sai ta haɗe a ciki, garmaho ya ƙi mutuwa ko an kashe makunni.

Idan wuta tana isa moto, ana jin yana gurnani amma faranti bai motsa ba, to kada a yi saurin yanke wa moton hukunci. Na'urorin Garrard da BSR masu tayar roba an cika su da giris, kuma giris ɗin shekara arba'in yakan daskare ya koma kamar ƙaro, balle a sanyin Jos na watan Disamba da Janairu. Moto yana turawa, giris yana riƙewa, naɗi yana ɗaukar zafi, kuma idan aka bar shi a haka matsalar da ba ta wuta ba za ta rikiɗe ta zama ta wuta. A zare soket, a juya sandar moto da yatsa. Idan ta yi tauri, a wanke da sifirit a ɗiga man keken ɗinki. Idan kuwa sandar tana juyawa sakayau, amma moton sai an tura shi yake tashi, ko kuma yana iya bin duk ɓangaren da aka tura shi har da baya, to kowa ya san wannan ciwo daga fankar sama: kafasitar tashi ce ta mutu, in moton mai kafasita ne. Bambancin kawai shi ne girma. Ta fanka takan kai maikrofarad 2 ko fiye, ta garmaho kuwa yawanci ba ta kai rabin ɗaya ba, don haka sai an karanta lambar da ke jikin tsohuwar an nemo daidai ita. A na'urori masu allon lantarki a ciki, saurin da ke hawa da sauka yawanci dattin da ya taru a maɓallan daidaita sauri ne, sai a fesa musu man wanke mahaɗa a murza su sau da yawa; idan bai daina ba sai a koma kan kafasitocin gwangwani, waɗanda ruwan cikinsu ke bushewa, a sauya su da masu lamba ɗaya ana kula da ƙafar da take tabbatacciya da wadda take korau.

Ƙaramar hanya ta fi buƙatar haƙuri. Tana farawa daga kan allura, wato ɗan akwatin da ke bakin hannun garmaho, kuma iri biyu aka fi samu. Akwai mai maganaɗisu, wanda wutarsa 'yar mitsitsiya ce, da kuma na tangaran ko na ƙanƙarar gishiri da ake samu a akwatunan rediyo da ƙananan garmaho masu arha, wanda wutarsa ta ninka ta wancan kusan sau ɗari. Rashin sanin wannan bambanci ya sa an zubar da na'urori masu lafiya. Tun daga 1954 kamfanonin faifai suka daidaita a kan tsarin RIAA, inda ake rage kaurin sauti a ƙara siririnsa lokacin yanka faifai domin waƙa mai tsawo ta samu wuri, sannan amfilifaya ta mayar da kowanne matsayinsa lokacin saurare. Ramin da aka rubuta wa PHONO a bayan tsohuwar amfilifaya shi ke wannan aiki, ya kuma ninka wutar kusan sau ɗari. Amfilifayoyin yanzu da yawa ba su da shi, kuma wanda ya jona kai mai maganaɗisu a ramin AUX zai ji waƙar can ƙasa-ƙasa, siririya kamar kukan sauro. Ba abin da ya lalace. Ƙaramin akwatin ƙara ƙarfi ake sayowa a sa a tsakani. Akasin haka, kan tangaran idan aka sa shi a PHONO sai sauti ya cushe ya farfashe. Na ƙanƙarar gishiri kuwa zafi da danshi suna narkar da shi, kuma wanda ya shekara arba'in a ɗaki sai dai a nemi madadinsa.

Ƙugi shi ne ƙorafin da ya fi yawa, wato wannan "huuum" mai kauri da ke ƙaruwa idan an ƙara murya ko an kai hannu kusa da allura. Bugun wutar bango ne ke kutsawa cikin ƙaramar hanya. Tare da wayoyin sauti biyu akwai wata siririyar waya ta uku, wadda aikinta shi ne ta haɗa ƙarfen garmaho da wani ɗan kusa a bayan amfilifaya, kuma sau da yawa za a tarar ta tsinke ko an yanke ta don ba a san amfaninta ba. A mayar da ita, a kankare tsatsar bakinta, a raba wayoyin sauti da wayar soket, a kuma matsar da garmahon daga kan sitabilaiza ko taransifoma, domin kai mai maganaɗisu yana jin su daga nesa. Idan ƙugin yana nan ko an zare garmahon gaba ɗaya daga amfilifaya, to laifin na amfilifayar ne, galibi manyan kafasitocinta masu tace wuta.

Idan lasifika ɗaya ce ta yi shiru, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: a musanya wayoyin dama da hagu a bayan amfilifaya. Shirun ya koma ɗaya ɓangaren, matsalar tana garmaho. Ya tsaya inda yake, tana amfilifaya ko lasifika. A garmahon, sai a dubi 'yan wayoyi huɗu da ke bayan kan allura, fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama. Mita za ta nuna ɗaruruwan om tsakanin fara da shuɗiya, da kusan adadi ɗaya tsakanin ja da koriya, in kan mai maganaɗisu ne kuma lafiyayye. Yawanci 'yan maƙalan bakin wayoyin ne suka saki ko suka yi koren tsatsa, sai a zare su a hankali da hantsaki, a goge, a ɗan matse. Na'urori masu sauke hannu da kansu suna da wani ɓoyayyen makunni da ke toshe sauti yayin da hannun ke tafiya, kuma shi ma yakan maƙale ya toshe ɓangare ɗaya har abada. Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne ɗora ƙarfen dalma a kan ƙafafun kan allura, domin zaren da ke ciki ya fi gashi siranta kuma zafi yana tsinka shi nan take, garin neman gira a rasa ido. Ana yi wa maƙalin dalma ne a gefe, ya huce, sannan a zura shi. Ita dalmar, wadda kashi 60 nata kuza ne 40 darma, tana narkewa ƙasa da digiri 200, saboda haka ƙaramin ƙarfe na wat 25 ya isa. Babban da ake liƙa gwangwani da shi ɓarna zai yi. Ƙaraf-ƙaraf ɗin da ke yawaita da hunturu kuma ba lalacewa ba ce, bushewar iska ce ke sa faifai ya tara wuta a jikinsa ya jawo ƙura, kuma goge shi da ƙyalle mai ɗan laima yana rage ta.

Akwai iyakar da nake ganin bai kamata mai koyo ya ƙetare ba. Akwatunan rediyo masu kwalaben bawul suna aiki da bolt 250 zuwa sama, kuma kafasitocinsu suna riƙe wannan wuta bayan an zare soket, sai an sauke ta ta cikin rezista an tabbatar da mita. Wasu ƙananan garmaho masu arha na wancan zamani ma ba su da taransifomar da ke raba su da wutar bango, ta yadda ƙarfen cikinsu kansa yana iya ɗaukar wuta gwargwadon yadda aka juya filogi. Irin waɗannan a kai su ga wanda ya saba, kuma a Jos har yanzu akwai dattawan da suka koyi sana'ar tun bawul yana yayi.

Gwajin ƙarshe na sauri ne da zafi. Masu ɗigo-ɗigo a gefen faranti suna da layi na bugu 50 da na 60, kuma namu na 50 ake kallo, wanda zai tsaya cak a ƙarƙashin 'yar fitilar da ke haska su idan sauri ya daidaita. Wanda ba shi da su sai a manna ɗan farin tef a bakin faranti, a sa shi a 33⅓, a ƙirga da agogo: juyi 100 cif a minti uku. Na'urar bugu 60 da ba a canza wa fuli ba za ta ba da kusan 83. Daga nan a bar shi yana juyawa rabin sa'a, a zare soket, a taɓa jikin moto. Ɗumi ba laifi ba ne, amma zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba yana nufin akwai sauran aiki. Na baffana, bayan sabuwar kafasita da wankin giris da wayar soket, ya ba da juyi 99 a ƙirgen farko, da safe cikin sanyi, sannan ya cika 100 bayan man ya ɗumama, kuma a ranar dattijon ya yarda muka ɗora masa faifai.